Dawar da Ba Ta Son Ruwa

Hantsi ne, farkon damina. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, ƙasa tana ta ƙamshi, rana kuma ta fito da irin zafin nan mai manna wa mutum riga a baya. Yoshuwa yana tsugune a bayan ɗakin tiyata na asibitin mishan, yana juya wani guntun tiyo na ƙarfe a hannunsa, yana leƙa cikinsa da ido ɗaya.

Shi ne mai gyara a asibitin. In famfo ya tsiyaya shi ake kira, in gurup, injin ba da wuta, ya ƙi tashi shi ne, har ƙafar gadon marasa lafiya in ta karye. Bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, kuma ba mutum ne mai gaggawa ba. Amma wannan aikin na yau ya shiga ransa, domin na gidansa ne.

Matarsa Salome tana aiki a cikin ɗakin tiyatar nan da ma'aikata ke kira bulok. Ita ke dafa almakasai da wuƙaƙe, ta jera su, ta miƙa wa likita. Tana ɗauke da cikin fari. A shekarar aka kawo wa asibitin gudummawar wasu manyan kwalaben ƙarfe na iskar sa barci, wadda ake ce wa iskar dariya. Maras lafiya ya shaƙa ya yi barci, abin da ya numfaso kuma sai ya yi ta yawo a ɗakin, masu aiki su yi ta shan saura. Salome ta riƙa dawowa gida da ciwon kai, tuwo ba ya shiga, wani lokaci ta kama dariya ba wanda ya ce komai.

Majo Naomi, shugabar masu aikin jinya, ta kira su su biyu ta ce iskar ba ta dace da mai ciki ba. In ba a sami yadda za a fitar da ita daga ɗakin ba, Salome za ta koma wajen wanki, a sa wata a gurbinta. Salome ta yi shekaru tana murza zannuwan gado kafin ta sami shiga bulok, ta kuma san in an ba wata wurin, ya tafi ke nan. Ranar ba ta yi dariyar ba.

Huda bango a zura tiyo ba wuya ba ne ga Yoshuwa. Wuyar ita ce bayan bangon rumfar masu jinya ce, inda mata ke girki da goyo a baya, ga kuma tagar ɗakin haihuwa dab da wurin.

Ana cikin haka Mushe Bulus, wato Malam Bulus, ya zo hutu. Ɗan tsohon fasto ne, yana koyar da kimiyya a Yamai, mutum mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Da ya ji zancen sai ya shiga ɗakinsa ya fito da wani gwangwani da abokinsa ya aiko masa daga Faransa don gwaji. Ya buɗe, ya zuba kaɗan a tafin Yoshuwa.

"Mi kag gani?"

Yoshuwa ya duba. Ƴan ƙwayoyi ne zagayayyu, ja-ja, ba su da maraba da kaura.

"Dawa, Mushe."

"Ciza ka ji."

Ya ciza, haƙorinsa ya amsa. Dutse ne.

Mushe Bulus ya ce sunansa ziyolit, wai ma'anar sunan dutse mai tafasa. Kowace ƙwaya cike take da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani, an kuma sa ɗan ƙarfe a cikinsu. Ita iskar dariya abubuwa biyu ne na cikin iskar da kowa ke shaƙa suka riƙe juna. In ta bi ta cikin dutsen yana da zafi sosai, sai ya raba su, kowa ya kama gabansa, a fitar da iska lafiyayya.

"In anka bar ta haka ta hau sama, sai ta hi shekarun mutum tana can tana ƙara ma duniya zahi," in ji shi.

"Shi dutsen ba ya ƙarewa?"

"Ba ya ƙarewa. Raba hwaɗa kawai yake yi, ya koma ya zamna. Abu guda ne ba ya so: ruwa. Ko raɓa."

Murfin gwangwanin ya lotse a hanya, rufin ɗakin gyara kuma yana yoyo. Don haka da yamma Yoshuwa ya tafi da dutsen gida, ya juye shi a wata langar Salome mai murfi, ya ɗora a kan buhun hatsi inda ruwa ba ya kaiwa. Ya yi niyyar ya gaya wa Salome ta gaya wa uwarta. Sai ga shi tun kafin gari ya waye an zo an tashe ta, an kawo mai naƙuda daga Urno, ta fita da ɗankwali a hannu.

Yanzu da yake leƙa tiyon nan, sai ya ga yana bukatar ƴan ƙwayoyi don ya gwada ko ragar da zai toshe bakin da ita za ta riƙe su. Ya ajiye, ya kakkaɓe gwiwa, ya nufi gida.

Surukarsa Inna Lantana ta zo daga Garhanga don ta zauna da ɗiyarta har a sauka lafiya, tun da Salome ta ƙi zuwa haihuwa gida, ta ce ga asibiti a bakin ƙofa. Danginta mutanen shanu ne masu ɗan noma, kunya a wurinsu ba abin wasa ba ce. Tsakaninta da Yoshuwa gaisuwa ce daga nesa, shi a tsugune, ita fuskarta a bango. Bai taɓa cin abinci tana gani ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko Salome ma ba ta kiran sunanta, don ɗiyar fari ce. Duk wata magana ta bakin Salome take bi. Tana yin sallarta a gindin itacen bedi, su suna tafiya majami'a ran Lahadi, ba wanda ya taɓa damun wani.

Yana isa bakin zana ya tsaya cak. Inna Lantana tana zaune kusa da turmi, ga langar a buɗe, ta juye dutsen a ƙwarya, tana tsince shi da yatsa. Idonta ya yi rauni, haƙoranta kuma sun daɗe da daina gwada tsaba. A gefenta ga tulu, ga moɗa.

Yoshuwa ya yi tari. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, ta juya wa bango ta amsa, suka tambayi gajiya, suka tambayi ruwan asuba. Gaisuwa ta ƙare. Hannunta ya tafi wajen moɗa.

Gumi ya keto masa. Ba a ce wa suruka bari. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ba kowa a gidan sai akuyarsu da ke ɗaure tana tuƙa.

"Ke akuya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wanga abu na cikin ƙwarya, na Mushe Bulus na."

Inna Lantana ta ɗan tsaya. Sai ita ma ta dubi akuyar.

"Akuya, hwaɗa ma mai gida dawar Mushe Bulus ƙura gare ta. Ɗiyar mutane ba ta ci komi ba tun jiya. Kunu za a dama mata, in anka yi girbi a mayar mishi."

"Akuya, ba irin wadda anka sani ba ce."

"Akuya, mun ga irinta. Da munka ɗauki duwatsu a aikin Keita ana biyan mu da hatsi, har da mai kama da ƙwan kihi anka ba mu, munka ci, ga mu nan da rai."

"Akuya," ya ce, kamar zai yi kuka, "ba ta son ruwa."

"Wace dawa ke son ruwa? Haka nan aka wanke ta."

Ta tuttula.

Ƙwaryar ta ce shuuu, kamar an tsoma garwashi a randa. Tururi ya tashi, ƙwayoyin suna ta ƙaf-ƙaf suna tsalle. Inna Lantana ta riga ta sa hannu don ta cuɗa, ta fizge shi da sauri tana yarfewa.

"La'ilaha illallahu! Ba wuta, ba murhu!"

Akuya ta ja igiya ta koma bayan turke. Tsohuwar ta manta da bango, ta ɗago ta dubi Yoshuwa ido cikin ido, karo na farko tun da ya auri ɗiyarta. Shi ma ya dube ta. Sai duk suka tuna, kowa ya sunkuyar da kai.

Ya tsiyaye ruwan, ya ɗauki ƙwaryar da ɗumi a hannunsa, ya bi ta bayan gonakin albasa zuwa gidan tsohon fasto. Tafiya yake, a ransa yana ganin Salome a tsugune gaban bahon wanki da cikinta.

Mushe Bulus ya saurari labarin tiryan-tiryan. Da aka zo wajen akuya sai ya nemi kujera ya zauna, ya yi dariya har da hawaye. Yoshuwa ya jira ya gama.

"Ya lalace, Mushe?"

"Bai mutu ba, ƙoshi ya yi. Ramukan nan duk sun sha ruwa, ba inda iska za ta shiga. Sai an gasa shi ruwan ya hita." Ya share ido. "Amma a hankali. In wuta ta yi mishi yawa tun hwarko, hwashewa zai yi ya zama gari, gari kuwa sai ya toshe tiyo. A riƙa juyawa. In kana son ka san ya bushe, ka kihe hwaranti mai sanyi bisa shi. In bai yi gumi ba, ya yi."

Ya ƙara da cewa hutunsa ya ƙare, motar ranar kasuwa zai bi, kuma shi kaɗai ya san yadda ake auna iskar. In ba a haɗa abin yana nan ba, sai wata daminar.

Yoshuwa ya koma gida. Inna Lantana ta shige ɗaki ta saki labule. Ya hura gawayi a tsakar gida, ya ɗora kaskon suyar gyaɗa, ya juye dutsen, ya kama fifita da ƙarfinsa irin na mai narka ƙarfe. Ba a jima ba ya ji tas, ya ji tas. Ƙwayoyin ƙasa sun fara tsagewa, na sama ko ɗumi ba su yi ba.

Daga bayan labule murya ta fito.

"Akuya, wa ya koya ma mai gida suya?"

Ya tsayar da fifita.

"Akuya, ce mishi ya tashi. Mai ɓarna shi ka gyara."

Ya tashi ya koma gefe. Ta fito, ta ɗaure zane, ta janye rabin garwashin da itace, ta barbaɗa toka a kan sauran. Ta kwashe dutsen ta raba shi kashi-kashi, ta zuba kaɗan a kaskon, ta ɗauki guntun sakaina ta fara juyawa, daga baki zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa baki. Yoshuwa ya zauna ya ba ta baya, buhun gawayi a gabansa. In ta ce wa akuya wuta ta yi sanyi, sai ya miƙa gawayi ta baya ba tare da ya waiga ba. In ta ce a kawo faranti, ya tsoma shi a randa, ya goge tas, ya miƙa. Ta kife, ta ɗaga, ta duba.

"Akuya, da saura."

Haka suka wuni. Ta tashi ta yi azahar, ya karɓi sakainar yana kwaikwayon hannunta, ta dawo ya mayar. Kashin da farantinsa ya fito a bushe, ta ƙara masa wuta sosai, sannan ya juye shi da zafinsa a tukunyar ƙarfe ya danne murfi. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, suka yi ta satar kallonsa, Allah ya sa iska ta kore shi wajen Buza.

Da la'asar Salome ta shigo, ta riƙe goshi da hannu ɗaya. Ta ga uwarta tana suyar tsakuwa, ta ga mijinta ya ba ta baya yana miƙa gawayi, ta ga akuya a tsakiya. Yoshuwa ya ba ta labari a gajarce. Ta jingina da zana ta fara dariya, ta riƙe ciki.

"Wagga dariya taki ce, ko ta bulok?" ya tambaye ta.

"Tawa ce, wallahi tawa ce. Wayyo Inna, kunun dutse za ki dama min?"

"Ke, rufa min baki. Wa ke aje dutse cikin langa bisa buhun hatsi?"

Salome ta zauna kusa da ita, ta gaya mata abin da ba ta gaya mata ba tun zuwanta: ciwon kan nan daga ina yake, da abin da Majo Naomi ta ce, da amfanin dutsen. Inna Lantana ba ta daina juyawa ba, amma hannun ya rage sauri.

"Shi abin da ke cikin," ta ce daga baya, ba ta dubi ɗiyar ba, "yana shaƙa shi ma?"

"Haka anka ce."

Tsohuwar ta kife faranti, ta ɗaga. A bushe yake. Ta sake gogewa ta sake kifewa, ta jira fiye da ɗazu, kana ta yarda.

Washegari Yoshuwa ya huda bango. Ya ja tiyon roba daga injin sa barci zuwa waje, ya haɗa shi da na ƙarfen, ya cika na ƙarfen da dutse, ya toshe baki biyu da raga. Ya naɗe shi da wayar wuta ta wata tsohuwar tukunyar dafa kayan aiki, ya gina masa ɗan ɗaki da jan bulo da laka don zafin ya zauna, kada kuma yaran masu jinya su taɓa. Matan rumfa suka kewaye shi suna tambaya ko gasa burodi za a fara. Ya ce musu in ya nuna zai kira su.

Aikin farko da aka yi da shi na wani makiyayi ne, Bubakar, wanda sa ya soka a cinya. Aka tada gurup, aka bar tiyon ya yi zafi har laka ta fara wari. Mushe Bulus ya fito da wasu ƴan siraran kwalabe masu sake launi in sun ji iskar. Ya auna a inda take shiga, kwalbar ta rine tun daga baki har gindi. Ya zagaya inda take fita. Yoshuwa ya tsaya a bayansa, yana leƙe.

Launin ya hau kaɗan, ya tsaya.

"Bai cinye duka ba," in ji Mushe Bulus. "Numfashin mutum ma da laima a cikinsa. Amma ya ci mahi yawa. Ka ƙara ma bakin tsawo ya wuce rufi, sauran ba zai dami kowa ba." Ya ɗaga kwalbar yana kallo a rana, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa haihuwa. "Sai na rubuta ma abokina. Ban san ƙaƙa zan hwaɗa mishi zancen akuya da Faransanci ba."

Majo Naomi ta sa shi ya shiga ya auna cikin bulok, a daidai inda Salome ke tsayawa. Kwalbar ba ta sake launi ba. Majo ta juya ta, ta sake juyawa, ta miƙa masa.

"Salome, mi kike jira? Almakasai ba su dahwa kansu."

Mushe Bulus ya bi motar kasuwa, ya bar wa Yoshuwa gargaɗin ya riƙa fiddo dutsen lokaci-lokaci ana gasawa. Ciwon kan Salome ya tafi a hankali. Ta koma cin tuwo har tana neman ƙari, dariyarta kuma sai in an ba ta dalili.

Wata yamma bayan an tashi aiki, Yoshuwa ya biyo ta wajen famfon unguwa. Matan sun watse, saura mutum ɗaya. Inna Lantana ce, ta cika tulunta, ta naɗa gammo ta ɗora a kai, tana waige-waigen wanda zai taya ta. Ta hango shi, ta juya fuska wajen gonaki.

Da can hanya zai sake. Ya ɗan tsaya, sannan ya ajiye akwatin kayan aikinsa a ƙasa. Ya zagayo ta bayanta, ya kama tulun da hannu biyu, ya ɗaga. Ta rage tsawo kaɗan, ya ɗora mata, ya riƙe har ta daidaita shi. Ta kama hanya, ruwa yana ɗan zuba mata a kafaɗa. Shi kuma ya tsaya yana gyara igiyar takalminsa, har ta yi nisa.